Zaman Shirun Jatau Mai Amalanke

Duk Hawandawaki babu wanda bai san Jatau mai amalanke ba, kuma ba don sanyin hali aka san shi ba. Mutum ne mai zuciya a kusa. Ya yi faɗa da masu awo, ya yi da surukinsa, har jakinsa ya taɓa yin gaba da shi. A shekarar farin 1984, da rumbu ya zama wofi, sai faɗan duk ya tattaru a kan matarsa Furera. Ita kuwa ta gaji da fara magana ana datse ta, ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa gidan ubanta a Korgom.

Sai da gida ya yi tsit Jatau ya gane yana sonta ƙwarai, ciwon kai kuma ya sa shi gaba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya a Tasawa, ya auna shi ya ce jininsa ya hau, amma babu ƙwayar da ke maganin zafin rai. Ya ce ya riƙa zama kullum ya rufe ido, ba wuridi ba komai, ya bi numfashinsa kawai yana shiga yana fita. In fushi ya taso ya dube shi, ya bar shi ya wuce. Jatau ya raina maganin, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Kuskurensa ɗaya, ya zaɓi gindin gawon da dattawa ke hira. Zamanin soja ne, lokacin da mutum ke waiwayawa kafin ya yi ƙorafin tsadar hatsi. To ga wanda bai taɓa yin shiru ba ya zauna ya lumshe ido yana saurare. Kafin la'asar gari ya yanke hukunci, an ɗauki Jatau aikin leƙen asiri. Dattawan da suka kwana da yunwa suka shiga yabon gwamnati da ƙarfi, Na Allah mai shayi har ya ce bai taɓa ƙoshi irin na bana ba. Jatau yana ji, zuciyarsa na cewa tashi ka ƙaryata su, shi kuma sai ya koma kan numfashinsa. A kan ƙaryarsu ya koyi haƙuri, ba su sani ba.

Da damina ta matso ya ɗaura jaki ya tafi biko. Surukinsa ya wanke shi tas, Jatau bai tanka ba. Aka kira Furera, ta fara jero laifuffukansa, tana ɗan tsayawa a daidai inda ya saba datse ta. Shiru. Ta ci gaba, ta tono na bara da na bara waccan, har ta lalubi abin faɗa ta rasa. Sai ta juya wajen ubanta.

"Baba, bari in tahi," ta ce. "Tun da anka kai ni gidan mutumen ga, yau na hwara jin ƙarshen maganata."