Aikin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Shekara biyu da wata biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Shu'aibu, a nan Doha. Ina rubuta wannan daga ɗakina a Al-Sadd. Titin da ke ƙasa cike yake da baƙin gasar cin kofin duniya, kowa da tutarsa a kafaɗa, babu mai rufe hanci da takunkumi. In na leƙa su sai in tuna mutum huɗu ne suka kai Baba makwancinsa, cikin fararen rigunan roba, ni kuwa ina killace a ɗakin kwanan jami'a. Ban ga fuskarsa ba. Tufafinsa ma an kwashe an ƙona saboda korona. Ko hula ba ta iso hannuna ba.

Baba tsohon mai gyaran makamai ne na soja. Bayan ya yi ritaya, wani kulob na masu harbin wasa a Umm Salal ya ɗauke shi aiki. Yakan tattara kwanson harsasan da aka harba, ya wanke, ya sake cika su don masu atisaye. Injinsa tsoho ne na hannu, an ɗaure shi a bakin teburi, fentin mariƙinsa ya goge daidai inda tafi ke kamawa. Aiki ɗaya yake yi a ja ɗaya. Sai kwanso hamsin sun wuce mataki guda, sannan Baba ya kwance bakin injin, ya ɗaura wani, a koma kan na farko.

Ranar Asabar nakan je da abinci in zauna a bakin ƙofa. Muna hira har ya kai ga auna albarushi. Daga nan sai ya ɗaga yatsa ɗaya, in yi shiru. Ina son wannan shirun. Ba abin da ake ji sai ƙarar na'urar sanyi da numfashinsa, shi kuma ya sunkuya kan sikeli kamar mai duba jariri.

Yanzu kulob ɗin ya sayi sabon inji mai zubo harsasai kamar gyaɗa. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya gani. Ina jin ba zai kushe shi ba. Zai tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ke leƙa cikin kowane kwanso. Babu wanda zai ba shi amsa, don babu mai lokacin.

Makonni kaɗan kafin a fara gasar, Kawu Idrisu ya kira ni. Abokin aikin Baba ne, mutumin Zangon Kumasi. Ya ce an ba da umarnin a kwashe komai daga tsohon ɗakin, kuma akwai kabad ɗin Baba da ya kasa buɗewa tun ranar da aka kai shi asibiti. Na tafi nan take. Na sa rai a ƙarshe zan riƙe wani abu da hannunsa ya taɓa.

A ciki akwai farantin katako mai ramuka hamsin, kowane rami da kwansonsa. Talatin da ɗaya an rufe su da kan harsashi, suna tsaye a jere suna ƙyalli. Sauran bakinsu a buɗe. Nan Baba ya tsaya.

"Kawu, ka bar min ɗaya."

"Ɗiyata, ko kwanson banza aka gani a jakarki, kin kwana wurin 'yan sanda. Kuma duka za a warware su."

"Aikin Baba ne fa."

"Shi ya kafa dokar. Abin da wani ya fara bai ƙarasa ba, ba a sa shi a bindiga. Ya ce ko nasa ne. Khalas, magana ta ƙare."

Ya ɗaura wani baki a tsohon injin, ya shiga cire kawunan ɗaya bayan ɗaya, yana juye albarushin a kwano. Ina tsaye ina kallon aikin mahaifina na ƙarshe yana komawa baya. A na ashirin da biyar Kawu ya juye kwanson, ba abin da ya zubo. Ya bubbuga shi a teburi. Ya leƙa. Na gaba ma haka. Bakwai na ƙarshe duka babu komai a cikinsu.

Na san ma'anar wannan, don Baba ya sha faɗa mini. Harsashin da babu albarushi yakan maƙale a hancin bindiga, na bayansa ya zo ya tarar da shi, bindigar ta fashe a fuskar mai ita. Kawu ya zauna a kan kujera, ya cire tabarau. Ya ce shekara tara suna aiki tare bai taɓa ganin Shu'aibu ya tsallake ko ɗaya ba.

Ni abin da ya faɗo mini daban ne. Ranar da ya cika waɗannan, na kira shi da azahar. Na ji muryarsa ta dushe, ya ce mura ce ta na'urar sanyi. Na yarda, don ina da jarrabawa, kuma yarda ta fi sauƙi. Ashe a lokacin zazzaɓi ya riga ya ci idonsa har ba ya ganin cikin kwanso. Da na matsa masa ya je asibiti a ranar, ba bayan kwana uku ba? Likitoci sun ce ajali ne. Na san ajali ne. Sanin bai hana ni lissafa kwanakin nan uku ba.

An kwance injin daga teburi, an kai shi wurin tarkacen ƙarfe. Na fito hannu wofi kamar yadda na shiga, sai dai nauyin da na ƙaro.

Mutane sukan ce mamaci yana barin aikinsa a bayansa. Na duba na Baba. Dubban da ya cika daidai an harbe su a takardar gwada saiti, sun wuce, ba wanda ya san hannun da ya yi su. Abin da ya saura na gani da idona shi ne kuskurensa kaɗai. Kawu yana cewa in yi tunanin mutumin da zai ɗauki bindigar nan, wanda yanzu yake yawo da idonsa biyu da yatsunsa goma saboda dokar Baba. Ina ƙoƙari. Wataƙila yana cikin masu tsallen nan a titi. Bai san sunan mahaifina ba, kuma ba ni da yadda zan gane shi in faɗa masa.

Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya yafe masa bakwai ɗin nan, ni kuma ya yafe mini kwana ukuna.