Motar da Ba Ta Shan Mai

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da Manaja ya yabe ni a kan mai ba. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona min rai kamar wannan ba.

Ku da kuka shigo aikin tuƙi kwanan nan ba ku san Alhaji Sule ba. Dillalin hatsi ne a Funtuwa, ni kuma direbansa na gida tun ina da baƙin gashi. Ƙa'idar gidan ita ce, duk Litinin in kai mota bakin sito, Manaja ya leƙa allurar mai, ya ba da na mako. Manajan nan Bashir ne, ɗan farin Alhaji, shi ya sa Alhaji ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "yaron nan".

Babban aikina shi ne Juma'a. Mukan tafi Mahuta wajen Malam Idi, yayan Alhaji, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin waya, sai an zauna gab da shi an ɗaga murya. Bayan masallaci yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa a dama fura, ya jira mu.

Shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabo, Manaja ya sayar da tsohuwar babbar motarmu. Gaskiya tana zuƙar mai kamar randa mai huji, amma in ta faɗa rami ko shayi ba ya zuba. Ya sayo wata 'yar ƙarama sabuwa fil, ya miƙa wa mahaifinsa makulli a gaban jama'a. Alhaji ya sa masa albarka.

A cikin gari ba ta da laifi ko kaɗan, lita kaɗan ta kai ka mako. Amma hanyar ƙauye da damina? Wayyo! Ƙasanta na gugar ƙasa, kujera kamar benci. Alhaji dogo ne, ga ciwon ƙugu. Gwiwarsa na tokare da kujerar gaba, hularsa na taɓa rufi. Duk ramin da na shiga, ko da rarrafe nake, sai in ji ya ce "Wash!" ƙasa-ƙasa. Da muka dawo tafiyar farko, sai da na kama shi ya fito.

Na ce, "Alhaji, ko mu ɗauki shatar wata mota ran Juma'a?"

Ya ce, "Garba, so kake gari ya ce na raina kyautar yaron nan? Kada in ji, kada in gani."

Na gwada ta ɗaya ɓangaren. Na ce wa Manaja motar nan ba ta hanyar Mahuta ba ce. Ya ce, "Baba Garba, Alhaji ya yi ƙorafi?" Na ce a'a. Ya ce, "To, shi ke nan."

Daga nan Juma'a ta fara tsallakewa. Yau Alhaji ya ce hadari ya haɗo, wani makon ya ce yana da baƙi. Ni na san hadarin, a ƙugunsa yake. Malam Idi ya aiko wani ɗan acaba da saƙo: "Ka ce wa Sule furarsa tana tsami." Alhaji ya yi dariya, sannan ya juya fuska bango. Ya ce da an ɗauke ruwa, hanya ta bushe, za mu je.

Ana cikin haka ne Litinin ɗin ta zo. Manaja ya leƙa allura, ya ga ko motsi ba ta yi ba. Ya tafa hannu ya ce, "Baba Garba, ka ga mota! Ai wannan ba ta shan mai, sansanawa take yi. Allah ya yi maka albarka, ka iya tattali." Na buɗe baki, na tuna kashedin Alhaji, na ce amin.

Ran Laraba Malam Idi ya rasu.

A 'yar motar nan muka je jana'iza. Alhaji ya ce in taka, kada in kauce wa rami ko ɗaya, mu dai samu salla. Muka yi ta dukan ƙasa har Mahuta, bai ce wash ba ko sau ɗaya. Bayan an dawo daga maƙabarta, matar marigayin ta gaya masa cewa duk Juma'a sai ya sa an shimfiɗa tabarma, ba a naɗewa sai la'asar sakaliya. A nan na ga Alhaji yana kuka kamar yaro, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

A hanyar dawowa ya ce, "Garba, ashe ƙugun zai iya."

Manaja yaron kirki ne, har gobe bai san abin da ya faru ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Amma ku yara, ku riƙe wannan. Manyanmu ba sa faɗin ciwonsu, direba ne kaɗai yake jin nishin da ake yi a kujerar baya. In aka yaba muku cewa mota ba ta shan mai, ku fara tuna inda ta daina zuwa.