Yadda Waƙar Ɗan Sin Ta Yi Ƙiba a Hannuna

Lokacin da nake koyar da Turanci a wata sakandare a Dutse, na taɓa yi wa wani ɗan ƙasar Sin tafinta a hutun ƙarshen shekara. Riɗi yake saye. Ni ke zaga ƙauyukan Taura da shi, yana ɗanɗana riɗi kamar mai neman laifi.

Wata rana muna jiran a gama loda buhuna, ya ciro ɗan littafi ya ce shi ma yana taɓa waƙa. Layi huɗu ce da Sinanci. Ya juya ta da kansa zuwa Turanci, amma ya ce ta koma kamar takardar umarnin shan magani. Abin da ke ciki kaɗan ne: tsohuwarsa ta shanya barkono a kan rufi, hadari ya haɗo, ta tsaya tana kallon tsani. Ya roƙe ni in gyara masa.

Na karɓa da girman kai irin na malamin Turanci. Mako biyu ina fama. Na zuba kewa, na zuba hawaye, na kawo zuciya mai ƙuna har sau biyu. Layi huɗu suka zama sha huɗu. Da ya karanta, sai ya tambaye ni cikin ladabi wa ya mutu.

Na ce babu kowa.

"To me kuka ba ta ta ci a Jigawa ta yi wannan ƙiba?"

Ranar kasuwar Taura muka biya gidan gwaggona cin tuwo. Don in samu mai goya min baya, na ba ta labari, na fassara mata tawa da Hausa. Ta saurara tana tsince wake, ta ce wannan tsohuwa ta cika raki. Sai ta ce baƙon ya karanta tasa da bakinsa. Ya karanta, muryarsa na hawa tana sauka. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta sa ya maimaita, tana buga gefen faifai da yatsa. Ta ce tasa tana da kiɗa, tawa kuwa wa'azi ce.

Na faɗa mata ainihin abin da layi huɗun suka ce, ban ƙara komai ba. Ta ajiye faifan.

"Ai ɗan nata ba ya gida. Da yana nan, shi zai hau."

Na juya masa da Turanci. Ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga, har tuwonsa ya huce.

A mota na soke layi goma. Da na kai masa sauran washegari, ya ƙara soke kalma biyu, ya ce yanzu saura kiɗan, ko Gwaggo tana karɓar ɗalibai.