Mai Ledar Ƙanƙara

A wani shagon wayoyi da wasannin bidiyo a Iskandariyya, Madam Nagwa tana jiran gyaran waya, tana hararar wani ƙato mai sanƙo. Ya haura arba'in, tumbi ya ɗage masa riga. Yana riƙe da ledar kemis, allurar ciwon suga ce cikin ƙanƙara, ruwa na ɗiga a kan takalminsa.

"Haba Ragab," yake ce wa mai shagon, "ƙarin da aka yi wa wasan aljanun nan shirme ne! Na farkon, motsi kawai za ka ji a duhu, hanjinka ya kaɗa. Yanzu an ba ka bindiga. To ina tsoron?"

"Amma harbin da daɗi, ranka ya daɗe."

Wayar ƙaton ta yi ƙara. "Na'am, Umma? Wallahi cunkoso ne ya riƙe ni."

Nagwa ta tabbata tsohuwa na can ta tasa abinci a gaba, ba halin ci sai an yi mata allura.

Ta matso dab da wayar tasa. "Tsoro kake nema, malam? Hajiya, ƙarya yake! Yana shagon wasa, ƙanƙarar maganinki ta narke!"