Murhun da Ke Bayan Gidan Sri Petaling

Kafin mu samu gidan haya a unguwar Sri Petaling, a nan ƙasar waje da muke zaune, ƙafata ta sha yawo. Da mai gida ya ji daga ina muke, sai gidan ya zama an riga an kama. Wata tsohuwa 'yar China, da kowa ke kira Anti, ita ta yarda da mu, bisa sharaɗi guda: kada mu taɓa mata ginin gida.

Da matata ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Kano don wankan jego. Mama ta dubi ɗan murhun gas ɗinmu ta taɓe baki, ta ce ruwan jego sai wutar itace. Ni kuwa ba a ƙure ni a gaban suruka.

A bayan gidan akwai wani murhu na jan bulo, ya kai ƙirjina, da bututun hayaƙi a sama. Na sa mai walda ya haɗa mini akwatin ƙarfe mai ƙofa da mazaunin tukunya. Mama ta kwashe tokar da ke ciki a gwangwani, ta ce za ta yi wankin tukwane. Akwatin ya ƙi shiga cikin murhun. Na tura, na juya, gumi na zuba. Daga ƙarshe haushi ya kama ni, na ɗauko guduma na fasa gefen bakin murhun. Ya shige. Na saita shi da bututun, na liƙe gefe da laka, na je unguwar Brickfields na sayo ganyen darbejiya wurin Indiyawa. Hayaƙi ya miƙe sama tsaf, har Mama ta sa mini albarka.

Ba mu yi mako ba sai ga Anti da hantsi, maƙwabta sun kira ta. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta wuce baya kai tsaye. Tukunya na tafasa. Ta tsaya tana kallon inda na fasa, ni kuma ina tunanin inda zan kai mai jego da jariri in ta kore mu.

"Ka san mene ne wannan?" ta tambaye ni da Turanci.

"Murhu ne, Anti."

"Ba na girki ba ne. Mijina ya gina. Tun da ya mutu, a nan nake ƙona masa riguna na takarda da takalma, su isa gare shi a lahira." Ta leƙa ciki. "Ina tokar?"

Gindin tukunyar da ke gabanmu da tokar aka goge shi.

"Me take cewa?" in ji Mama.

Na so in rage, amma na fassara mata duka. Mama ta yi takaba, ta san abin. Ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin, saura rabi. Ta cire mayafinta ta naɗe shi, ta miƙa da hannu biyu, tana rusunawa kamar mai gaisuwar rasuwa.

Anti ta buɗe ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sai jaririn ya tsala kuka daga ciki.

Anti ta dubi ganyen da ke juyawa a tukunya, ta dubi Mama. "Na mai haihuwa ne?"

Na ce e.

"Mu da citta muke yi," in ji ta. Ta rungume gwangwanin ta nufi ƙofa.

Na bi ta, kunya da tsoro sun cika ni. "Anti, gidan fa? Mu tashi ne?"

Ba ta waiwayo ba. "Ta gama wankanta tukuna. Sannan ka fitar da ƙarfenka, ka mayar da bulon da hannunka." Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. "Yau dai kada ku kashe wutar. Bari hayaƙin ya isa wurin mijina, bai taɓa ganin jika ba."