Kawu Illa da sabon katin hoto

"Kai, mi ka yi ma hanyar ga?" in ji Kawu Illa, direban hanyar Buza zuwa Keita, da motarsa ta sake dukan bango a wasan tseren kwamfutata.

A Madawa ne, ƙarshen shekarun casa'in. Da can hoton wasan yakan yi tsalle yana cijewa, amma kullum Kawu ke cinye mu. Ranar nan na sa wa kwamfutar sabon katin hoto da akwatin wuta mai ƙarfi, komai ya koma sumul.

"Gyara na yi, Kawu."

"Maido min gargadata, ɗana! Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa hawa hanya marar rami ba."

Haka na kwance kayana ina ƙunƙuni. Ku da za ku iya musa masa?