Igiyar Kawu Maliki

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, Usta Maliki, mai miƙe shasin mota a Hillat Bawa. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, a kan amalanken jaki, saura kilomita huɗu mu kai kwaltar Sinnar. Kansa yana kan cinyata.

Kawu, mutane sun yi ta faɗin alherinka a zaman makoki, kuma ba su ƙara komai ba. Manoman da ka miƙe wa garmar tarakta rana tsaka a bakin gona sun zo. Direbobin Hasahisa da suka kwana sati a warsharka, wato garejinka, suna cin kisra, wainar dawar gidanka, sun aiko da gaisuwa. Ni nawa daban ne. Lokacin da yaƙi ya rufe jami'a, na dawo gida ba takarda ba aiki, abokaina duk sun watse, wasu Masar wasu Libiya. Kai ne kake aikowa a kira ni kowace safiya, wai in zo in riƙe maka bakin igiya. Da na samu na kammala karatun injiniya a bana, kai ka fara kirana Bashmuhandis, wato babban injiniya, kana dariya, kana zuba mini gahawar jabana.

Igiyar nan kowa ya san ta. Ta auduga ce, ta yi baƙi da mai, tsawonta mita shida da rabi. Da ita kake auna shasi, wato ƙarafan nan biyu dogaye da jikin mota yake zaune a kansu. Ka ja ta daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka ɗaure ƙulli, sannan ka juya ta ɗaya gicciyen. In ƙullin ya sauka wuri ɗaya, shasi ya miƙe. In bai sauka ba, mota za ta yi ta tafiya a karkace tana cin taya.

Ranar Litinin 22 ga Satumba, Salih direba ya kauce wa garken shanu ya daki gadar magudanar ruwa da lorin ƙungiyar manoma. Ya karye a ƙafa. Lorin nan tsohuwa ce, amma ita kaɗai ce motar da ta rage wa ƙauyenmu bayan yaƙi. Ita ke kai riɗi kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti. Da muka sauke jikinta, sai muka ga ƙarfen dama ya ja baya. Na auna da tef ɗin awona, bambancin gicciyen biyu milimita arba'in da shida ne.

Ka ɗaure shasin da sarƙa a gindin bagaruwar bayan warsha, ka sa jak yana turawa. Ba ka yarda a sa wuta. Ka tura kaɗan, ka bi ƙarfen da guduma kana bubbugawa a hankali kana saurare, sai ka ce a bar shi ya huta har gobe. Ni kuwa hakan yana cina, don riɗi ya fara nuna a gonaki.

Ranar Asabar 4 ga Oktoba ka ja igiya, ka ce, "Khalas, shi ke nan, ya zauna. Alhamis za ta hau hanya."

Na ce, "Kawu, da saura. Littafin motar yana cikin wayata. An ce a auna daga maƙalar sifirin ta baya, kuma na auna sau uku. Saura milimita sha tara."

Ka ce, "Bashmuhandis, bar ƙarfen nan ya sha iska. In na dawo daga Sinja zan nuna maka wani abu."

Ban jira ba. Lahadi da safe ka tafi Sinja gaisuwar rasuwa, ni kuma na shiga warsha ni kaɗai na kama jak. Na zaci igiyarka ce ta saki don tsufa. A turi na biyar na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Ƙarfen dama ya tsage, tsawon ɗan yatsa.

Da ka dawo ba ka ɗaga murya ba. Ka durƙusa, ka goge tsatsa da babban yatsanka, ka nuna mini wasu ɗigo huɗu da ka buga da ƙusa a kusurwoyin shasin tun 1998. A shekarar ka matsar da maƙalar sifirin ta hagu saboda wata tsohuwar karaya, don haka daga ɗigon kake aunawa, ba daga maƙalar ba. Ka ce, "Littafinka ya san motar nan ranar da ta fito daga masana'anta. Abin da ya same ta a hanyar Sinja shekara talatin, ni aka gaya wa." Kunya ta hana ni cewa ka yafe mini. Na ce a raina zan faɗa ranar da motar ta tashi.

Tsagar tana bukatar walda, kuma babu sandunan walda a kusa. Muka aika Sinnar. Muna jira ne ciwon ƙirji ya kama ka bayan sallar azahar. Kilomita sha ɗaya ne daga gida zuwa kwalta. Lori tana yinsa a minti ashirin da biyar. Jaki ya yi awa ɗaya da minti goma bai kai ba. Sandunan sun iso ranar Alhamis, kwana biyu bayan mun binne ka.

Na tambayi likita ko da motar tana kan hanya da ka tsira. Ya ce ba wanda zai iya sani. Na san rai a hannun Allah yake, ba na jayayya da hukuncinsa. Amma na san kuma wanda ya kama jak ranar Lahadi, shi ya sa na rubuta shi a nan yadda ya faru, kada a ce tsufa ne ya sa Usta Maliki ya bar aiki a rabi.

Ranar bakwai na shiga gaida matarka, Iya Rabi'atu, tana cikin takaba. Na faɗa mata komai ta bayan labule. Ta ce, "Zaharaddini, na sani. Ya gaya mini tun ranar. Cewa ya yi, shi ma sai da ya tsaga shasi biyu kafin hannunsa ya faɗa, kai ko ɗaya ka yi ka daina cin abinci." Sai ta turo mini igiyar ta ƙarƙashin labule. "A aljihun jallabiyarsa na same ta. Ka je ka gama musu motarsu, riɗi na zubewa a gona."

Kawu, na gama. Na yi waldar da wutar injin famfon ruwa, na lulluɓe tsagar da faifan ƙarfe ciki da waje. Na maida ƙarfen da na wuce da shi, kaɗan kaɗan, kwana huɗu, ina barinsa ya huta. Ranar Asabar 25 ga Oktoba na ja igiyar daga ɗigo zuwa ɗigo. Ƙullin da ka ɗaure da hannunka ya sauka daidai a gicciyen biyu. Na juya in gaya maka. Igiyar nan aikin mutum biyu ce, kuma ba wanda zai riƙe mini ɗaya bakin, sai da na maƙale shi a ƙusa. A wurin, gaban ƙusar, na ce ka yafe mini.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka Maliki, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa duk buhun da motar nan za ta ɗauka da duk mara lafiyar da za ta kai asibiti su shiga mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Rabi'atu, da ɗansa Mahadi da bai samu hanyar zuwa jana'iza daga Libiya ba, da 'yarsa Sabah a Hasahisa, da mahaifiyata Aminat wadda ta rasa ɗan'uwanta na ƙarshe, da jama'ar Hillat Bawa baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Zaharaddini Ahmad, Hillat Bawa